Wasiƙa Marar Ofishi

Litinin

'Yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki. Ni dai da sauƙi. Tarin ya lafa, ƙafar ce har yanzu ba ta shiri da matakala.

Tun da hukuma ta toshe hanyoyin aika saƙo, manhajar da kika sa mini a waya ce kaɗai ke aiki. Wayar tana kan taga, a jone da wuta kamar yadda kika ce, tunda saƙo ba ya wucewa sai tawa da taki suna kunne lokaci guda. Dogo, abokin aikinki a jarida, ya zo ya ƙara mini bayani. Wai saƙon hannu-hannu yake bi a ƙunshe, mai miƙawa bai san mai aikowa ba, kuma babu ofishi a tsakiya. Na ce masa na tsufa a aikin gidan waya, ban taɓa ganin wasiƙa marar ofishi ba. Ya yi dariya, ya ce to Baba ai ga ta ka gani.

Ban san garin da kike ɓoye ba, ba kuma zan tambaya ba. Koren ɗigon da ke fitowa a gefen sunanki ya ishe ni.

Mahaifinki.

Asabar

'Yata,

Ina gaishe ki, yaya jikinki da na maigidan? Nawa yau sai a hankali, ƙirjin ya yi nauyi. Wannan a takarda nake rubuta ta.

Shekaranjiya jami'ai suka shigo benenmu suna duba wayoyi ɗaki-ɗaki. Kafin su hawo wurina na goge manhajar, don kada su ga sunanki. Hankalina kwance na yi haka, domin a zamaninmu ba a aika takarda sai an bar kwafinta a fayil. Suka duba, ba su sami komai ba, ɗayansu har ya gyara mini labule.

Da suka tafi, telan da ke ƙasan benenmu ya sake sa mini ita. Ta buɗe fayau, babu ke, babu saƙonninki. Na ce a nemo kwafi. Ya ce Baba a wurin wa? An yi ta ne musamman don kada kowa ya riƙe kwafi. Wai sai an haɗa wayoyinmu ido da ido, ko wanda ke da mu duka biyu ya gabatar da mu.

Dogo kaɗai na san yana da ke a wayarsa. Telan ya kai masa saƙona, Dogon ya ce zai zo yau da hantsi.

Abin da ke damuna shi ne za ki ga ɗigona a mace, ki zaci wani abu ya same ni, ki taso. Kada ki zo. Jami'an suna nan a bakin titi.

Na yi aski, na sa masa kujera kusa da taga, na bar ƙofa a buɗe don kada ya buga ban ji ba. Wayar tana jone. Ga rana ta faɗi, Dogo bai zo ba.

Allah ya tsare mini ke.

Mahaifinki.