Hawainiyar Ja'afaru

Kurmin Kogi, ta Ikara
Laraba, 8 ga Agusta, 1962

Zuwa ga ɗana Ja'afaru,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka Azumi, da kuma aikin da Allah ya ɗora maka a Kaduna. Yau Laraba na tashi da sauƙi. Tarin nan ya lafa. Ƙafar hagu ce dai take kumbura in yamma ta yi, amma da sanda ina kai kaina masallaci. In ka ga rubutuna ya karkace kada ka tsorata, hannun ne yake rawa.

Takardarka ta iso, na karanta ta har na kusa haddace ta. Ita ce ta farko tun da muka rabu a sadakar arba'in ta mahaifiyarka. Ba ƙorafi nake yi ba. Na san wanda aka ba ajin da Bature ya bari ba shi da lokacin kansa.

Ka ce kana son hawainiya mai rai ka nuna wa ɗalibanka, kuma in an samu za ka zo da kanka ka ɗauka idan an yi hutu. To, an samu. Da na fara cigiya kowa kallona yake yi kamar na ce a kamo min kububuwa. Bobbo ne ya taimake ni, Bafulatanin nan abokina da matarsa take kawo mana nono. A bakin fadama ya gan ta, bai yarda ya taɓa ta ba, sai ya sare reshen gaba ɗaya ya taho da shi yana miƙe da hannu. Da ya ajiye ya ce shi ya ga masu kiwon shanu da masu kiwon tumaki, amma bai taɓa ganin wanda ya yi karatun boko a Zariya ya ƙare a kiwon hawainiya ba. Ya ce in na fara tatsa in aika masa da ƙwarya guda.

Na yi mata keji. Da gwangwala na haɗa shi, tsayinsa ya kawo min ƙirji, na shimfiɗa katako a ƙasa. Abin da zan rufe shi ne ya ba ni wuya, don ina son iska ta shiga, kuma kada kyanwa ta kai gare ta. Daga ƙarshe na buɗe adakar mahaifiyarka na ɗauko gidan sauronta. Tun da ta rasu ban buɗe adakar nan ba. Na daɗe zaune da shi a cinya kafin in sa almakashi, don har yanzu yana ƙanshin turarenta. Na san da tana nan da kanta za ta yanka, tunda naka ne.

A ciki na sa rassan lemun tsami a fasasshen tulu. Ƙafafun kejin kuma na tsoma su a gwangwanaye da ruwa saboda cinnaka. Da safe ina jawo shi rana, in ta take in mai da shi gindin rumbu. Abincinta fara ce da ƙudaje. Farar nakan kamo a bayan gida tun raɓa ba ta bushe ba, lokacin ba su iya tashi, don ni da su tafiyarmu ɗaya a wannan lokacin. Ƙudaje kuwa ɓawon gwanda nake ajiye mata, su kawo kansu.

Saura kaɗan in kashe maka ita da ƙishirwa. Na zuba mata ruwa a kasko kamar kaza, ko kallonsa ba ta yi, har idanunta suka fara faɗawa. Sai ran nan yayyafi ya riske mu ban ja kejin ba, na ga tana bin ganye tana lasar ɗigon ruwa. Tun daga ranar nake tsoma tsintsiya a ruwa in yarfa wa ganyen safe da yamma.

Ka sanar da ni ranar da za ka taso. Ɗakinka yana yoyo ta gabas, zan sa a gyara. Ka gaishe da Azumi, ka ce ta biyo ka in hali ya yi. Allah ya yi maka albarka.

Ni ne mahaifinka,
Malam Sada

Kurmin Kogi
Lahadi, 14 ga Oktoba, 1962

Zuwa ga ɗana Ja'afaru,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikinka, yaya Azumi, yaya fama da ɗalibai? Ni dai alhamdu lillahi. Zazzaɓi ya kwantar da ni a watan jiya, ya sake ni, sai dai ya tafi da sauran ƙarfin da nake da shi. Yanzu a zaune nake salla.

Hutu ya zo ya wuce. An gyara ɗakin tun farkonsa. Kowace ranar kasuwa nakan fita gindin tsamiyar bakin hanya in zauna har motar Zariya ta wuce, har yaran mota suka san ni, suna ɗaga min hannu.

Na san Ya'u direban makarantarku ya riga ya ba ka labari, kuma na san ranka ya ɓaci. Bari ka ji daga bakina. Ranar Alhamis na ji ƙugin mota ya tsaya a ƙofar gida. Ban san lokacin da na fito ba, ba takalmi ba sanda. Sai na ga mutum ɗaya ne, da kwali a hannu. Yaron kirki ne, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce an aike shi Kudan, kai kuma ka ce ya biyo ya karɓo maka saƙonka. Na ba shi fura ya sha. Na leƙa motar ma, ko kana ciki kana yi min wasa kamar yadda kake ɓuya a bayan rumbu kana ƙarami.

Na hana shi ita. Ya yi ta magiya, ya ce za ka yi masa faɗa. Na ce masa, "Ka gaya wa maigidanka wanda ya yi alkawari shi zai zo ya ɗauka."

A cikin hira ya ce ya taɓa shiga ɗakin da kake koyarwa, ya ga macizai da kwaɗi a cikin kwalabe, matattu, a jiƙe cikin wani ruwa mai wari. Ja'afaru, abin da za a yi mata ke nan? Ka ce mai rai kake so. In ma kwalbar ce, ba zan hana ka ba, taka ce, da sunanka aka kamo ta. Amma ka zo ka gan ta tukuna. Ka ga yadda take zama kore shar da safe, ta yi baƙi in kyanwa ta gifta. Ka ga yadda take kallona da ido ɗaya, ɗayan yana kan fara. Ta yi saɓa kwanan baya, ta fito sabuwa fil. Yanzu in na miƙa hannu takan hau, ta bi hannun riga a hankali har kafaɗa, ta zauna nan ina karatun Alƙur'ani. Tun da mahaifiyarka ta tafi babu mai rai da ya taɓa ni sai ita.

Ba zan ɓoye maka ɗaya dalilin ba. In na ba Ya'u ita, me ya rage a gidan nan da zai kawo ka? Gonar ba ka bukatarta, kabarin kuma ba ya kira. Na zauna na duba gidan ɗaki ɗaki, ban ga abin da kake so a cikinsa ba sai ita.

Ka sani kuma riƙon nata ba a banza yake zuwa min ba. Gari ya ɗauka ni, tsohon malamin auduga, na koma asiri da tsufana. Indo, matar marigayi ƙanena, da take kawo min tuwo ta zauna mu taɓa hira, yanzu a zaure take ajiye kwanon ta yi sallama ta juya. Ta ce in abin nan ya tofa wa mutum yawu kuturta ce, ita kuwa tana da jikoki. Na ce mata ni da nake kwana da tashi da ita ga yatsuna nan cif, ta ce ai ni na sha magani. Wani ɗan kasuwa ya taso tun daga Makarfi wai in sayar masa da jelarta don farin jini. Liman ma ya ja ni gefe bayan Juma'a, ya tambaye ni cikin ladabi. Na ce masa amanar ɗana ce, yana nan zuwa. Ya ce Allah ya kawo ka lafiya, amma bai dube ni ba da yake faɗa.

Ka yi haƙuri da tsoho. Ko yini ɗaya ne, ka zo da safe ka koma da yamma. Ina gaishe ka, ina sa maka albarka dare da rana.

Mahaifinka,
Malam Sada

Kurmin Kogi
Asabar, 10 ga Nuwamba, 1962

Zuwa ga ɗana Ja'afaru,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka taso lafiya, ka baro Azumi lafiya. Yau Asabar, ranar da ka ce a 'yar takardarka za ka zo. Numfashina yana sama-sama tun asuba, amma na yi wanka, na sa farar rigata. A gindin tsamiya nake rubuta wannan, a kan gwiwata. In ka sauka zan miƙa maka ka karanta kafin mu isa gida, don na san in na ga fuskarka bakina ba zai iya faɗa ba.

Babu hawainiya, Ja'afaru. Na sake ta ɗazu da hantsi.

Tun kafin takardarka ta zo na lura cikinta yana girma, na ɗauka ƙiba ce, har ina yi wa Bobbo alfahari cewa kiwona ya fi nasa kyau. Farkon makon nan sai ta daina cin abinci. Ta sauko daga reshe, ita da ba ta son ƙasa, ta shiga zagaya kejin tana karce katako. Da na ɗaga ta na ji cikin gudaji-gudaji kamar wake a jaka. Duk wanda ya taɓa ganin kaza tana neman wurin saka zai gane. Ƙwai ne, kuma rami take so ta haƙa ta binne su.

Na cika mata ƙwarya da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta haƙa har ta ci karo da gindin ƙwaryar, ta fito. Na kawo babban kasko, shi ma haka. Ƙasa take so wadda ba ta da gindi. Na san abin da ya kamata in yi tun ranar Talata, ban yi ba. Na zauna gaban kejin ina lallashinta kamar mutum, ina ce mata ta daure zuwa Asabar, maigidanta yana hanya, in ya gan ta da idonsa sai a san yadda za a yi. Bobbo ya zo ya same ni a haka. Bai yi min ba'a ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya dube ta, ya ce, "Malam, wannan ba za ta kai Asabar da ranta ba. In ma ta kai, gawa za ka ba yaron."

Ta kai, amma da ƙyar. Da safen nan na same ta kwance a kan katako, launinta kamar toka, faratanta sun cinye. Na yarfa ruwa ba ta ɗaga kai ba. Na dube ta na ga wata uku ke nan ina tsare da ita don ta jawo min kai, ita kuwa ba ta san ka ba, ba ta ci maka komai ba. Na ɗauke ta a tafin hannu na kai ta bayan rijiya, gindin lemun nan da mahaifiyarka ta shuka, inda ƙasa ba ta bushewa. Na ajiye ta. Ta daɗe ba ta motsa ba, har na ce na makara. Can sai ta miƙa hannu ɗaya ta yaƙushi ƙasa, ta sake miƙa ɗayan. Da na baro ta kanta ya shige rami. Ban sani ba ko tana da ƙarfin da za ta gama.

Ka yafe min. Ka ba ni aiki guda ɗaya tak a shekara biyu, shi ma ban cika ba. In damina ta dawo ina raye zan sa a nemo maka wata, kuma duk wanda ka aiko zan ba shi, ba zan ƙara yi maka wayo ba. Amma yau dai ka riga ka taso. Da Indo ta ji an buɗe kejin ta shigo gidan, ta share ɗakinka, ta yanka zakaran nan ja, tana can tana tuƙa tuwon dawa da miyar kuka irin wadda kake so. Ba abin da za ka ɗauka ka tafi da shi, sai dai ka zauna da ni zuwa la'asar.

Ina jin ƙugin mota daga wajen Ikara, bari in tsaya nan. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka biyayya.

Mahaifinka mai ƙaunarka,
Malam Sada

Ƙari, bayan magariba. Waccan motar ta auduga ce. Ta Zariya ta zo daga baya, mutum biyu suka sauka da buhun gishiri. Na zauna har aka kira salla, Bobbo ya riƙo ni muka dawo. Na ce wa Indo ta raba naman wa jikokinta. Ba ka zo ba. Gobe zan ba da takardar nan a kai gidan waya.