Baba da Gadar da Ba Ta da Gulbi

Abuja, ran Lahadi

Zuwa ga Yaya Lauwali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina hwatan kana lahiya, kai da matarka Mas'uda da yara da duk mutanen Taloka. Ya aikin rani?

Mun kai Baba asibiti. Likita ya ce jikinai ƙalau, mantuwar ta tsuhwa ce, maganinta haƙuri da kulawa. Shina cin abinci, amma bai saki jiki da garin ba. Gidanmu na kusa da babbar gadar sama, motoci na bi bisa, wasu na bi ƙasa, shi kuwa wuni yake bakin taga shina kallo. Jiya ya tambaye ni mi ya sa anka gina gada babu gulbi. Na yi dariya, shi bai yi ba.

A gaishe da kowa.

Ƙanwarka,
Adawiyya

Abuja, ran Laraba

Yaya Lauwali,

Salamu alaikum. Ya gida, ya Mas'uda? Kada hankalinka ya tashi, Baba na nan gabana shina shan hura.

Jiya da hantsi ina wanki ya buɗe ƙohwa ya hita. Ni da maigidana Musaddiƙ munka bi masallatai da tasha muna cigiya, ba wanda ya san shi. Garin nan kowa sauri yake.

Sai la'asar wata mai tuwo ta nuna muna shi ƙarƙashin gadar, zaune bisa dutse, ya tuɓe takalma ya naɗe wando. Ashe rugugin motocin bisa ya ɗauka ruwa ne anka sako daga dam ɗin Goronyo, shina jiran ya iso ya ba albasa. Ban musa mai ba. Na zauna kusa da shi munka jira tare, har ya ce ruwan ya makara, mu tahi gida.

Yaya, na so ƙwarai in riƙe shi nan in yi mai hidima da hannuna. Amma a Taloka ko ya ɓace, duk wanda ya gan shi ya san gidan da zai kai shi. Ran Asabar za mu taho da shi. Ka share mai ɗakinai, kuma ka bar mai ɗan wuri bakin hwadama ya riƙa ba ruwa.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Adawiyya