An Haƙe Makwancin Gaiwa

Yaya Lawal,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Yaya Binta da yara. Ya aiki, ya haƙuri da nesa? Inna tana lafiya, sai ƙafar nan.

Labarin tafkinmu na bayan gari ne, kuma ba mai daɗi ba. Ranar Laraba na kai 'yan ajina in nuna musu tsakiyarsa, inda gaiwa ke shigewa cikin laka in tafkin ya ƙafe ta kwanta har ruwa ya sauko, wurin da Baba ya hana taɓawa lokacin yana Sarkin Ruwa. Muka tarar an haƙe. Mutanen da ɓarayin daji suka koro daga wajen Faskari ne ke buga tubali. Ga gaiwa barbaje a rana, fartanya ta raba wasu gida biyu.

Na ce wa wani dattijo, "Baba, nan fa an hana."

Ya ce, "Malama, jikokina a gindin bishiyar bedi suke kwana. Kifi ya fi su buƙatar ɗaki?"

Daga nan na wuce wurin mai unguwa.

Mai unguwa ya yarda ya ba su wani wurin haƙa, ya maido da dokar, amma sai an nuna masa iyakar da Baba ya yanke. Kai kaɗai ka zagaya ta da shi. Don Allah ka kwatanta min da wuri, kullum ramin ƙaruwa yake.

Gaiwa uku masu rai na kwaso da lakarsu, suna bayan randar Inna. Ka sa mu a addu'a kada ya zama su kaɗai ne suka rage. Ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Rabi