Barkonon Hajjo a Kan Kwano

Hashimi, Suleja
Yuni, 1996

Yaya Safara'u,

Assalamu alaikum. Yaya yara, yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau. Bangon ɗakina ya ɗan tsage, a zaure nake kwana, amma kada Inna ta ji. A aiko mini da daddawa.

Albishirinki! Kin tuna Hajjo, mai gidan da nake haya, wadda ke barin tifofi suna kwashe yashin bayan gida? Duk na yi magana sai ta ce ɗan haya ba shi da baki.

To, ofishinmu na safiyon ƙasa ya baje hotunan Suleja da aka ɗauka daga jirgin sama, na lallaɓa ta muka je. Can ta hango wani jan ɗigo: "Barkonona ne da na shanya a kan kwano!" Tana dariya, sai yatsanta ya zame zuwa kwazazzabon da tifofin suka bari, dab da gidan.

Jiya da taɓarya ta kori tifa. Yau ta aiko mini da tuwo, wai ɗan haya ya zo ya nuna inda za a dasa itatuwa.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki mai baki,
Khamis