Ranar da Kububuwa Ta Sare Ni a Danchadi

Zuwa ga Rifkatu, sanyin idona, raɓar safiya bisa ganyen albasa, kurciyar da ta yi sheƙa cikin ƙirjina! Daga Bodinga har Shagari, ga gaisuwa wadda ta fi ƙarfin takarda.

Rifkatu, na taka! Yau likita ya kwance mini bandeji, na miƙe da ƙafafuna, na yi ta zagaya tsakar gida ina dariya kamar ɗan maraƙin da aka kwance daga turke, har Nana Hauwa, matar mai gidan da nake haya, ta leƙo tana tambaya ko dafin ne ya hau mini kai. Na ce a'a Inna, wanga wani dafi ne daban, kuma ba ni neman maganinsa!

Kin tuna safiyar nan? Ina fadamar Danchadi ina gyara wa manoma injin ban ruwa, kububuwa ta sare ni a idon sawu. Suka ɗora ni bisa babur, wani ya riƙe ni ta baya, ni ko lambarki kawai nake lalube a waya. Na kira ki ina kuka, na ce ki zo, mutuwa zan yi. Me kika ce mini, ke ɗiyar albarka? "Irmiya, ba ni da ran da zan ba ka. Kira Yesu tukuna, ni ina nan kan layi."

Wai har haushi na ji! Sai kika fara addu'a. Iska na fizge rabin maganarki, babur na tsalle cikin ramuka, ina cewa amin, bawan Allahn da ke tuƙi, Musulmi, shi ma yana amsawa da ƙarfi. Kafin mu kai asibiti a yi mini allura, ƙafa ta zama turmi, amma zuciyata ta kwanta kamar ruwan randa.

Daga baya ƙanwarki Hajara ta tona miki asiri: wai kina ajiye waya kika zube gefen keken ɗinkinki, kina kuka har maƙwabta suka taru. Ashe tsoronki ya fi nawa! Da wagga zuciya mai rawa kika nuna mini ƙofar da ya kamata in fara bugawa? Wace inuwar tsamiya ta kai ki sanyi? Wane ruwan fari ya kai ki daɗin ƙamshi?

Don Allah ki yarda kawunnaina su taso daga Zuru su gaida Babanki da zarar an cire albasa. Na gaji da ƙirga bishiyoyin hanyar Shagari! Na yi alkawari, a gidanmu duk ranar da wuya ta zo, gwiwa za mu fara kaiwa ƙasa, mu biyu, sannan mu nemi babur.

Naki, yau da gobe, har Ubangiji ya kira ɗayanmu gida,
Irmiya