Sandar Yasi Yatere

Zuwa ga 'yata Zunilda,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya sanyin Buenos Aires? Mu nan lafiya lau. 'Yarki Nimia ta yi tsawo, bakinta kuwa ba ya hutawa, ke ta biyo.

An gyara gumakan dodannin nan bakwai na dandali, inda nake sayar da cipa, burodin nan namu na rogo. Kin tuna gunkin Yasi Yatere, ɗan yaron nan mai gashi ruwan zinariya, mai yi wa yara fito ya sace su lokacin barcin rana, ya ba su zuma? Hannunsa na dama da kika sani dungulmi, masu gyaran sun yi masa sabo, har da sandarsa. Mu tsofaffi mun san ba karyewa ya yi ba, iyayenmu ne suka yanke shi, don in babu sanda ba shi da ƙarfi. Muna tsaye muna kallo, amma kunya ta hana mu magana, kada 'yan birni su ce mana ƙauyawa.

Taki,
mahaifiyarki Eulogia

Zunilda 'yata,

Ina gaishe ki, Allah ya sa kina lafiya. Ki zauna kafin ki karanta.

Ranar Talata da tsakar rana na ɗan rintsa, na farka babu Nimia. Sai yamma muka same ta zaune a gindin gunkin Yasi Yatere, bakinta duk zuma. Ko ƙwarzane babu a jikinta, amma tun ranar ba ta ce uffan ba. Likita ya ce maƙogwaronta lafiya lau. Gidan ya yi tsit, har kaji nake yi wa hira. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Jiya maƙwabciyarmu Serafina ta leƙo ta kan shinge ta ce, "Ke Eulogia, zarton marigayi mijinki na ado ne kika rataye shi?"

Mahaifiyarki

Zunilda,

Gaisuwa a gurguje, da fatan kina lafiya.

Na yanke sandar gunkin. Da rana tsaka na je, gari duk ana barci. Ashe ƙarfe ne kawai aka shafa wa fenti, amma sanyi ƙalau a cikin wannan zafin. Na naɗe ta a buhu na tura ƙarƙashin gadona, ba wanda ya gan ni.

Yau Nimia ta yi magana. Ina kwaɓa cipa na ji an ja mini riga ta baya, na juyo har da hawayen murna. Ta miƙo mini hannun dama, ta ce, "Tsohuwa, ba ni sandata."

Nimia ba ta taɓa ce mini tsohuwa ba. Ki shigo motar farko.

Mahaifiyarki,
Eulogia