Ramin da Baba Ya Haƙa

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata ke da maigidan da yara kuna lafiya.

Auta, na jawo mana magana da bakina. Kin tuna ramin bayan masana'antar bulonmu, wanda Baba ya haƙa yana ɗibar yumɓu har ruwa ya taru? Jami'in hukumar muhalli ya zo duba hayaƙin murhu, bai sami laifi ba. Ni kuwa da rawar kaina na ja shi ya ga agwagin dajin da ke sauka a ramin, har da alfahari. Bayan sati biyu sai ga takarda, wai tafki ne na asali, an hana aiki taku ɗari biyu daga bakinsa. Murhunmu kuwa taku arba'in ne. Sun garƙame ƙofa da kwaɗo.

Ma'aikata tara suna zaune, ɗanyen bulo shanye a fili, ga damina ta ƙarato. Raina a ɓace yake, amma wallahi wurin nan ba zai mutu a hannuna ba.

Ki gaida kowa.
Yayanki

Yaya,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya, suna gaishe ka. Kai dai bakinka ba ya hutawa. Mutum ya zo duba hayaƙi, me ya haɗa shi da agwagi?

Ga hoton Baba na falona a cikin ambulan, wanda ka ce in sauke saboda Baba ya yi kaca-kaca da laka a cikinsa. Duba da kyau. A tsakiyar ramin yake tsaye, babu ɗigon ruwa, shebur a hannu, bututun murhu a bayansa. Ka kai musu, ka kuma dawo min da abina.

Allah ya dafa maka.
Auta

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Hoto ya yi aiki, sun yarda hannu ne ya haƙa ramin. Ban gama hamdala ba, matar da ke kan tebur a ofis ɗin hukumar ta ce, "To ina takardar izinin haƙa shi?"

Na ce mai haƙan ya rasu shekara goma sha tara. Ta ce sai na kawo shaidar rasuwarsa, kafin nan kwaɗo yana nan.

Ruwan farko ya sauka shekaranjiya. Ina leƙe ta saman katanga, jeri uku na bulo suka koma laka. Na yi hawaye, ba zan ɓoye miki ba. Direba da mai ƙona bulo sun tafi neman aiki, ban ga laifinsu ba. Sauran bakwai ɗin sun ce za su raka ni ofis ran Litinin. Benci ɗaya ne a wurin, a kansa za mu yini kullum har a buɗe mana masana'anta.

Ki sa mu a addu'a.
Yayanki

Yaya,

Salam. Ku matsa min wuri a bencin. Ina tafe ran Lahadi da takardar rasuwar Baba. Kai kuma ka ja bakinka, ni zan yi magana.

Sai na iso.
Auta